Na buɗe Terminal na rasa abin bugawa, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fara koyon rubuta manhaja, kuma duk darasin da na buɗe sai a ce in shiga Terminal in buga umarni. Na buɗe, na ga baƙar taga da wani ɗan layi yana ƙyaftawa, ban san me ake jira in yi ba, kuma ina tsoron kada in lalata kwamfutar. Wani abokina ya turo min jerin umarni sun haura ɗari, ya ce in haddace. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Jerin nan na abokinka ka ajiye shi gefe tukuna. Na daɗe ina aiki a cikin wannan baƙar taga, amma in ka tsaya a bayana yini guda kana ƙirgawa, umarnin da nake bugawa a kai a kai da wuya su wuce ashirin. Sauran duba su nake yi idan buƙata ta taso, in kuma manta su bayan kwana biyu. Abin da ke kayar da sabon shiga ba ƙarancin hadda ba ne. Abu biyu ne: bai san a wace folda yake tsaye ba lokacin da ya buga umarni, kuma bai san yadda ake karanta layin da ya rubuta kafin a aiwatar da shi ba. In ka riƙe waɗannan biyun, tsoron lalata kwamfuta zai ragu sosai, domin kusan duk ɓarnar da na taɓa gani daga ɗayansu ta fito.

Tagar da ka buɗe ita ce Terminal, kuma aikinta kawai ta nuna rubutu ta karɓi abin da ka danna. Wanda ke sauraronka a bayanta wata manhaja ce daban da ake kira shel. Shi ne ke karanta layinka, ya nemo manhajar da ka ambata, ya tashe ta, ya jira ta gama, sannan ya dawo ya sake jiranka. Asalin abin daga Unix ne, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs da ke Amurka a 1969. A lokacin, da wata na'ura mai kama da tafireta ake magana da kwamfuta, tana buga amsa a kan takarda, kimanin harafi goma a daƙiƙa. Wannan na cikin dalilan da suka sa sunayen umarnin suka zama guntaye kamar `ls` da `cp` da `mv`, kuma shi ya sa ba sa yawan surutu. Stephen Bourne ya rubuta shel ɗin da ya fito da Unix na 1979, Brian Fox kuma ya fitar da bash a 1989 a ƙarƙashin GNU, wani shiri na samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su. Bash ɗin nan shi za ka tarar a yawancin Linux har yau. Kwamfutar Mac ta koma zsh tun 2019, amma duk abin da zan nuna maka a nan yana aiki a cikinsu duka.

Ba ka faɗa min wace kwamfuta ke hannunka ba. In Linux ce ko Mac, Terminal ɗin da ka buɗe ya wadatar. In Windows ce, akwai tuntuɓe: PowerShell da tsohuwar taga ta cmd yarensu daban ne, wasu umarnin sunan ne kawai ya zo ɗaya. Shawarata ka saka WSL, wanda Microsoft ta fara kawowa a 2016. Ka buɗe PowerShell da izinin mai gudanarwa, ka buga `wsl --install`, ka sake kunna kwamfutar, za ka samu Ubuntu, wani nau'in Linux, a cikin Windows ɗinka. In hakan ya yi nauyi, Git Bash ma ya isa koyo. Wanda waya ce kawai gare shi, Termux a Android na ba da shel na gaske.

To, ka dubi layin da ke jiranka. Zai yi kama da wannan:

```
musa@kwamfuta:~$
```

Sunanka ne, da sunan na'urar, da wurin da kake tsaye, sai alamar `$` da ke nufin “ina jinka”. A Mac `%` za ka gani. In ka taɓa ganin `#` a wurin, to kana da cikakken iko a kan na'urar, sai ka yi taka-tsantsan. Af, kafin in manta: darussa da yawa suna rubuta `$` a farkon umarni don nuna cewa a Terminal za a buga shi. Ba a kwafe wannan alamar.

Umarni na farko shi ne `pwd`. Ka buga, ka danna Enter. Zai amsa da wani abu kamar `/home/musa`, ko `/Users/musa` a Mac. Wannan ita ce foldar da kake ciki yanzu. A tagogin da ka saba, idonka na ganin foldar a buɗe. A nan ba abin da ake nuna maka sai ka tambaya, amma kullum kana tsaye a wani wuri, kuma duk umarnin da ka bayar a wurin nan zai yi aiki sai dai in ka ambaci wani. Sai `ls`, wanda ke jero abin da ke cikin foldar. `ls -l` na ƙara bayani: girma, ranar da aka taɓa fayil, mai shi da izininsa. `ls -a` na fito da ɓoyayyun fayiloli, waɗanda sunansu ya fara da ɗigo. Kana iya haɗa su, `ls -la`. Waɗannan haruffa masu alamar `-` a gabansu su ne ke sauya halin umarni, kuma kusan kowane umarni yana da nasa.

Tafiya kuma da `cd` ake yin ta. `cd Documents` ya shigar da kai foldar Documents, `cd ..` ya dawo da kai mataki ɗaya baya, `cd` shi kaɗai ya mayar da kai gidanka, wato foldarka ta kanka irin `/home/musa`, ko daga ina, `cd -` kuma ya kai ka inda ka baro yanzun nan. Alamar `~` gajeren sunan gidanka ce. Adireshin da ya fara da `/` daga tushen na'urar ake bin sa, saboda haka ko'ina kake abu ɗaya yake nufi. Wanda bai fara da `/` ba daga inda kake tsaye ake bin sa. Shi ya sa `cd hotuna` zai yi aiki da safe ya ƙi da rana: foldar tana nan, kai ne ka sauya wuri. Kuma Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami, `Hotuna` daban, `hotuna` daban.

Tun yau ka saba wa ɗan yatsanka da maɓallin Tab. Ka rubuta `cd Doc` ka danna Tab, shel zai ƙarasa sunan. In bai ƙarasa ba, ko dai akwai sunaye fiye da ɗaya da suka fara haka, ka sake dannawa ya nuna maka su, ko kuma babu abin da ke da wannan suna a nan. Ni da shi nake gwada ko ina inda nake zato: in Tab ya ƙi ƙarasawa, ba na danna Enter, sai in buga `pwd`. Kibiyar sama kuma na dawo da umarnin da ka buga a baya.

Yanzu ka yi wa kanka filin atisaye, inda ko ka yi ɓarna ba asara:

```
mkdir gwaji
cd gwaji
touch daya.txt biyu.txt uku.txt
cp daya.txt kwafi.txt
mv biyu.txt na_biyu.txt
ls
```

`mkdir` ya ƙirƙiri folda, `touch` ya samar da fayiloli marasa komai a ciki, `cp` ya kwafa, `mv` ya sauya suna. Shi `mv` ɗin dai shi ne na ɗauke fayil daga wata folda zuwa wata, domin a wurin Unix sauya suna da sauya wuri abu ɗaya ne. In folda za ka kwafa da kayan cikinta, sai ka ce `cp -r`. Za ka lura layuka biyar na farko ba su ce maka uffan ba. Sababbin ɗalibai kan ɗauka abin bai yi ba, su sake bugawa har sau uku. Shiru a nan na nufin an yi. Sai an samu matsala ake magana. Amma shirun nan na da kaifi: in ka yi `cp` ko `mv` zuwa sunan da akwai shi tuntuni, za a danne tsohon fayil ɗin ba tare da an tambaye ka ba. In kana so a tambaye ka, ka ƙara `-i`.

Nan ne nake so ka natsu sosai, domin shi ne abu na biyun da na ambata. Idan ka danna Enter, umarnin ba ya ganin layinka yadda ka rubuta shi. Shel ne ke fara karɓa, ya yanyanka shi a duk inda ya ga tazara. Kalmar farko ita ce manhajar da za a tasa, sauran kuma a miƙa mata su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka in ka buga `mkdir aikin gida`, folda biyu za ka samu, `aikin` da `gida`. In ɗaya kake so, sai ka rufe sunan da alamar zance, `mkdir "aikin gida"`. Wannan ne ya sa mutanen da suka daɗe a harkar ke rubuta `aikin_gida`, ba don ado ba.

Kada ka raina tazara guda. A 2011, wata manhajar Linux mai suna Bumblebee, wadda ake sakawa saboda katin hoto na Nvidia, ta fita da wannan layi a cikin rubutun da ke saka ta:

```
rm -rf /usr /lib/nvidia-current/xorg/xorg
```

Niyyar marubucin ya goge wata 'yar folda can a ƙasan `/usr/lib`. Tazarar da ta shiga bayan `/usr` ta raba adireshin gida biyu, sai `rm` ya karɓi `/usr` a matsayin abin gogewa na farko. A `/usr` kuwa yawancin manhajojin Linux ke zaune. Waɗanda abin ya faɗa wa sun wayi gari da na'urar da ba ta da sauran amfani sai an sake ɗora mata tsari. Kuma wanda ya rubuta layin ba ɗan koyo ba ne.

Shel na yin wani aikin kuma kafin ya miƙa, wato buɗe alamar tauraro. In ka rubuta `*.txt`, shi ne ke duba foldar da kake ciki, ya maye gurbin alamar da sunan duk fayil da ya ƙare da `.txt`. Umarnin da ka kira bai ma san ka yi amfani da tauraro ba, jerin sunaye kawai yake gani. Yanzu ka kwatanta `rm *.txt` da `rm * .txt`. Na farko ya goge fayilolin rubutu. Na biyu ya goge duk fayil da ke foldar, sannan ya yi maka ƙorafin cewa bai ga wani fayil mai suna `.txt` ba. Lokacin da ka karanta ƙorafin, aikin gama ya gama, domin `rm` ba ya kai fayil kwandon shara. Abin da ya ɗauke ya tafi, dawo da shi kuma sai an yi sa'a.

Dabarar da nake koya wa kowa mai sauƙi ce. Kafin ka goge da tauraro, ka sa `echo` a madadin `rm`. `echo *.txt` zai buga maka ainihin jerin da shel zai miƙa. Ka karanta, in ka gamsu ka danna kibiyar sama, ka sauya kalmar farko kawai. Har yau haka nake yi, kuma ba na jin kunyar a gan ni ina yi. A watanninka na farko ka riƙa amfani da `rm -i`, wanda ke tambaya a kan kowane fayil, da `rmdir`, wanda ba ya goge folda sai babu komai a cikinta. Shi kuwa `rm -rf`, harafin `r` na nufin ya bi folda har ƙasa, `f` na nufin kada ya tambayi kowa. Ba ka da buƙatarsa yanzu. Duk wanda ya turo maka layi mai ɗauke da shi ya ce ka liƙa kawai, ka tambaye shi me kowace kalma ke yi.

Karanta fayil ba shi da wannan haɗarin. `cat` na zubo fayil gaba ɗaya, ya dace da gajere. `less` na buɗe dogo shafi-shafi, ka danna `/` ka nemi kalma, `q` ka fita. `head` da `tail` na nuna layi goma na farko ko na ƙarshe, `wc -l` na ƙirga layuka, `grep` kuma na tsamo layukan da ke ɗauke da kalmar da ka ba shi, misali `grep -i kuskure rahoto.txt`, inda `-i` ke cewa kada a damu da babban baƙi ko ƙarami.

Kowannensu shi kaɗai ƙaramin abu ne, har za ka iya cewa ai da linzami ma ana yi. Daɗin yana wurin haɗa su. Douglas McIlroy ya daɗe yana matsa wa abokan aikinsa a Bell Labs cewa a samar da hanyar jona manhajoji, abin da ya fito daga bakin wannan ya shiga kunnen waccan, kuma a 1973 Thompson ya saka abin a Unix. Shi ne alamar `|`, da ake kira bututu. A ce kana da fayil `halarta.txt`, kowane layi sunan ɗalibin da ya zo darasi, an yi wata uku ana ƙarawa har layuka sun kai dubbai, kana son sanin su wa suka fi zuwa:

```
sort halarta.txt | uniq -c | sort -rn | head -3
```

Amsar za ta fito kamar haka:

```
  41 Hauwa
  38 Bello
  36 Zainab
```

`sort` ya jera sunayen, masu kama da juna suka zo kusa. `uniq -c` ya dunƙule maimaici ya rubuta adadinsa. `sort -rn` ya sake jerawa bisa lamba, daga babba zuwa ƙarama. `head -3` ya yanke uku na sama. Ka lura `sort` na farko dole ne, domin `uniq` ba ya gane maimaici sai layukan suna maƙwabtaka. Kada ka rubuta irin wannan layi a tashi ɗaya. Ka buga yanki na farko ka ga abin da ya fito, ka ƙara na biyu ka sake gani. Ranar da ka haɗa naka na farko a kan fayil ɗinka na gaske, daga ranar ba sai an roƙe ka ka buɗe Terminal ba.

In kana son adana sakamakon, `>` na zuba shi a fayil, `>>` na ƙara shi a ƙarshen fayil. Bambancinsu ni da hawaye na koye shi. Ina da wani fayil da nake tara bayanan aiki a ciki, na kusa shekara ina ƙara layi da `echo` da `>>`. Wani dare ina gyangyaɗi na buga alamar sau ɗaya. Shel bai ce komai ba. Washegari na buɗe fayil ɗin na tarar da layi guda tal, wanda na rubuta a daren. Alamar `>` na share abin da ke cikin fayil tun kafin umarnin ya fara aiki, shi ya sa ma `sort suna.txt > suna.txt` ba jera maka fayil zai yi ba, wofintar da shi zai yi. Ka zuba a sabon suna, ka duba, sannan ka yi `mv`.

Saƙon kuskure kuma ka riƙa karanta shi, kada ido ya tsallake. Uku ne za su fi zo maka. `command not found` na nufin ka kuskure sunan umarnin ko ba a saka manhajar ba. `No such file or directory` na nufin ko sunan ba daidai ba ne ko ba ka inda kake zato, maganinsa `pwd` da `ls`. `Permission denied` na nufin ba ka da izinin taɓa wurin. A nan ne mutane ke saurin cusa `sudo` a gaban layi, wanda ke ba umarnin ikon mai gida gaba ɗaya. Wajen saka manhaja, kamar `sudo apt install` a Ubuntu, wannan daidai ne. Amma in an hana ka taɓa wani fayil, ka fara tambayar kanka me ya sa, don sau da yawa hanin nan shi ne katangar da ke tsakanin kuskurenka da tsarin na'urar. Muddin kana cikin gidanka ba tare da `sudo` ba, abin da za ka iya ɓatawa fayilolinka ne, ba kwamfutar ba. Kuma idan `sudo` ya nemi kalmar sirri, ba za ka ga ko ɗigo ba yayin da kake bugawa. Allon bai lalace ba, ka buga ka danna Enter.

Idan abu ya maƙale ya ƙi tsayawa, Ctrl da C na katse shi. Wannan na nufin a Terminal na Linux ba da shi ake kwafe rubutu ba, sai ka haɗa da Shift. In ka ga alamar `>` kawai a farkon layi tana jiranka, ka buɗe alamar zance ba ka rufe ba, Ctrl da C zai fitar da kai. In wani umarni ya jefa ka cikin vim, wata manhajar gyara rubutu, ka rasa ƙofa, ka danna Esc, ka rubuta `:q!`, ka danna Enter. Don gyara fayil a yanzu ka riƙe `nano`, wanda ke rubuta maɓallansa a ƙasan allo.

Littafin kowane umarni kuma yana cikin na'urar. `man ls` zai buɗe na `ls`, ka nemi abin da kake so da `/`, ka fita da `q`. Rubutunsa busasshe ne, ba a yi shi don karatun dare ba, ka ɗauki abin da ka zo nema ka fita. A Linux `ls --help` ya fi gajarta.

Na mako guda, duk abin da ka saba yi da linzami a kan fayiloli, ƙirƙirar folda, sauya suna, kwafe, neman wata kalma a cikin takardu, ka yi shi a Terminal ko da ya fi ɗaukar lokaci. A ƙarshen makon ka buga `history`, ka ga jerin duk abin da ka buga. Wanda ya fi maimaituwa a ciki shi ne jerinka na gaske, sai ka ɗauko na abokinka ka zaɓi biyu ko uku da suka dace da aikin da ke gabanka, irin su `find` in fayil ya ɓace maka, ko `du -sh` in kana son sanin wace folda ce ke cinye maka wuri.